Takardar da Orpha Ta Ƙona

Ranar Alhamis da la'asar, bayan an tashi daga makaranta, Orpha Tillotson, editar jaridar makarantar, ta buɗe akwatin jarida ta zazzage takardu goma sha ɗaya a kan teburin da ke kusa da murhu. A tsaye take dubawa. Da ta zo kan ta bakwai, sai ta ja kujera ta zauna.

A wancan lokaci, farkon shekarar 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, jaridar babbar makarantar garinmu da ke arewacin Ohio ba ta san injin bugawa ba. Sunanta Dami, kuma kwafi ɗaya tak ake yi, da hannu. Duk mai abin faɗi sai ya rubuta, ya sa sunan aro, ya jefa a akwati. Edita ta kwafe komai da hannunta, ta ƙone na asali, ranar Juma'a da rana ta tsaya gaban ɗalibai da malamai ta karanta. Daga nan sai a shiga cankar wa ya rubuta me, wanda shi ne rabin daɗin abin. Dokoki biyu ne: edita ba ta tsallake takarda sai mai zagi, ba ta kuma faɗin sunan marubuci ko da ta gane hannunsa. Mun fi girmama dokokin nan a kan darasin lissafi nesa ba kusa ba.

Ga abin da takardar ta ce: "Ranar Litinin za ku ga gurbina babu kowa. Na ƙara wa kaina shekara biyu na sa hannu a takardar soja, jirgin ƙasa na safe zai tafi da ni. Yayana ya tafi bai dawo ba, ni kuma na gaji da zama ina haddace sunayen kogunan da ya tsallaka. Ban gaya wa kowa a gida ba. Idan wani a cikinku ya gane ni, ya zo ya ce kada in tafi, ban ce zan ji ba, amma ban ce ba zan ji ba." A ƙasa an sa: Ɗaya Daga Cikinku.

Orpha ta san hannun nan. Karkatar haruffan, da yadda jelar kowace kalma ke lanƙwasowa sama, duk na ƙanenta Enos ne, mai shekara goma sha shida. Bara yayansu Asahel ya mutu a fagen yaƙi a Tennessee, kuma tun daga ranar mahaifiyarsu ba ta zama a ɓangaren gidan da ake jiyo kukan jirgin ƙasa.

Tsoro ya kama ta. Ta san abin da zai faru in ta karanta. Samari za su buga tebura, a ɗaga Enos a kafaɗa kamar yadda aka ɗaga Asahel, daga nan ko yana so ya fasa kunya ba za ta bar shi ba. Ta buɗe ƙofar murhu ta jefa takardar ba tare da ta kwafa ba, ta tsaya har ta zama toka. Sannan ta wuce shagon mahaifinta, inda yake ɗinkin linzami da sirdi, ta karya doka ta biyu.

Ana cikin cin abincin yamma sai uban ya ajiye cokali.

"Enos, gobe da asuba za ka bi ni gonar kawunka. Za ka kwana biyar a can."

"Gobe Juma'a fa, Baba. Akwai makaranta."

"Makarantar soja ko wace?"

Enos ya dubi ubansa, ya dubi yayarsa da ta sunkuyar da kai. Da aka yi masa bayani, sai ya miƙe tsaye.

"Ni? Yaya, ni da ko kaza ba na iya yankawa? Na rantse da Allah ban rubuta komai ba!"

"Na ga hannunka da idona."

"To ina takardar? Kawo in gani."

"Na ƙone."

"Madalla. Kin kama ɓarawo, kin ƙone kayan satar."

Uwarsu ta ɗora hannunta a kan hannun rigar Enos, ta riƙe gam, har aka kwashe kwanuka. Da gari ya waye aka sa shi a keken doki yana ta rantse-rantse, Orpha kuwa ta ji sanyi a ranta. A ganinta ta ceci rai, kuma doka biyu ba su kai rai ɗaya ba.

Da rana muka cika babban ɗaki. Akwai wani ɗan ajinmu Lemuel Haskett, dogo, mai kunnuwa kamar marfin tukunya, wanda in ba ya nan Juma'a ba ta yin armashi. Shi ne ke kwaikwayon tarin shugaban makaranta, Malam Burchard, har shi Malam ɗin ya taɓa juyowa ya ga ko ɗan'uwansa ne ya zo. Orpha na hawa dandamali ya ɗaga murya.

"Ranki ya daɗe, Edita, yau me kika dafa mana? In waƙar Philena ce a kan kyanwarta da ta mutu, tsaya in ari ƙyallen share hawaye."

"Ari na toshe baki," in ji Philena daga layin 'yan mata.

Orpha ta karanta takardu goma. Akwai waƙar kyanwar, akwai ƙorafi a kan hayaƙin murhu, akwai wani dogon sharhi a kan amfanin tashi da wuri wanda kowa ya san babban malalacin ajin ne ya rubuta. Ni da ke zaune bayan Lemuel na lura bai tsoma baki ko sau ɗaya ba, amma ban kawo komai a raina ba. Da ta naɗe jaridar sai ya ce:

"Edita, an gama?"

"An gama."

"Ba abin da ya faɗi ƙarƙashin tebur?"

Orpha, da hankalinta ke can gonar kawunta, ta ba shi amsar da ake ba Lemuel kullum.

"In shirme irin naka ka jefa, to murhu ya ci."

Ɗaki ya fashe da dariya, shi ya fi kowa yi. Bayan an tashi ya tsaya a bakin ƙofa yana tsokanar duk mai fita ɗaya bayan ɗaya, har ɗakin ya zama babu kowa. Mun ce masa mahaukaci, muka wuce gida.

Ranar Litinin gurbinsa ne babu kowa. Malam Burchard ya sanar cewa an ga Lemuel a tasha cikin sababbin sojoji, mahaifiyarsa kuma sai da jirgi ya tashi ta ji labari.

Babu wanda ya gaya wa Orpha kuskurenta. Kai kawai ta ɗaga ta dubi bangon da ke bayan Malam, inda aka rataye shafuka biyu da suka ci gasar kyan rubutu ta bara. Dukanmu wurin tsoho ɗaya muka koyi rubutu, daga littafi ɗaya, da rula a kan yatsu, kuma wanda ya fi kowa ɓatar da hannunsa cikin na littafin shi ne gwani. Shafi ɗaya na Enos ne, ɗaya na Lemuel. In ka rufe sunayen, ko iyayensu ba za su bambance ba. Maganar yaya da ya tafi bai dawo ba kuwa, mu goma sha huɗu ne a makarantar za mu iya rubuta ta.

A watan Yuni labari ya zo. Zazzaɓi ya kashe Lemuel a sansani a Virginia, ko filin daga bai kai ba. Orpha ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma ta rame har rigunanta suka yi mata yawa.

Wata Alhamis da la'asar tana jan baƙin layi a gefen shafin farko na jarida, yadda ake yi in ɗalibi ya rasu, sai mahaifiyar Lemuel ta shigo cikin baƙaƙen kaya. Gajeriyar mace ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyu ne duka, babban ma yaƙi ya ci shi.

"Sannu da aiki, 'yata."

"Sannu da zuwa, Mama. Ya haƙuri?"

"Da godiya. Tambaya na zo yi. Bai bar mini ko layi ɗaya ba. Na ce yaron nan da bakinsa ba ya rufuwa, ba zai tafi shiru ba. Ko ya jefa wani abu a akwatin nan naku?"

"Ya jefa, Mama."

"Na san kuna ƙone na asali, ya gaya mini. Kwafin nake so."

Orpha ta ɗauko farar takarda ta tsoma alƙalami. Ba ta manta ko kalma ɗaya ba. Ta rubuta har zuwa "Ban gaya wa kowa a gida ba," sai hannunta ya tsaya. In ta tsaya a nan, matar za ta tafi da bankwanan ɗanta, babu kuma mai sanin an rage wani abu.

"Yi a hankali, ba sauri nake ba," in ji matar.

Orpha ta sake tsoma alƙalami ta rubuta jimlar ƙarshe. A ƙarƙashinta ta ƙara nata layin: "Ban karanta wannan ranar Juma'a ba. Na zaci ƙanena ne." Ta sa sunanta, ta miƙa.

Matar ta karanta a tsaye, leɓunanta na motsi. Ta koma farko ta sake karantawa. Sannan ta ninke takardar gida huɗu.

"Ku nawa ne a ɗakin ran nan?"

"Tamanin da uku."

"Da an gane shi," ta ce a hankali. "Bai iya ɓoye komai ba."

Ta sa takardar a aljihu, ta ja ƙofar a hankali ta fita.