Rubutun da ke Bayan Jant

Shekara goma sha tara ina direba a gidan Ammi Turki, kafilina, wato wanda nake zaune a ƙasar da sunansa, a birnin Jidda. Ɗansa Fawaz ni na riƙa kai shi makaranta tun yana gyangyaɗi a kujerar baya. Da ya gama jami'a, uban ya saya masa wata jar mota mai ƙofa biyu, irin mai rugugin nan da cikinta ke neman shafar ƙasa. Wankinta ya dawo hannuna, kullum da safe.

Ni kuwa ba na wankin ganin ido. Jant, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, sai na zura hannu bayan kowane reshensa na goge baƙar ƙurar birki. A can baya akwai rubutu da lambobi da aka zuba tare da ƙarfen. Ban taɓa ganinsu da ido ba, boko ma ban yi ba, amma yatsuna sun haddace su.

Wata safiyar Talata na zura hannu na ji wayam. Babu rubutu, sai kaushi kamar gindin tukunya. Na zagaya ƙafa huɗun, duk haka. A ta gaba ta hagu kuma farcena ya maƙale a wata 'yar tsaga. Daga waje wallahi ba ka cewa komai, ƙyalli ɗaya, tambari ɗaya a tsakiya.

Nan na tafka wautar da har yau nake cizon yatsa a kanta. Na ce bari in tabbatar kafin in buɗe baki. Fawaz na barci, na ɗauki makulli na kai motar unguwar Bani Malik wurin Hassane, ɗan garinmu mai gyaran taya.

Hassane ya kwance ƙafa ɗaya, ya ɗaga, ya dire da nishi.

"Nomau, wannan jabu ne. Na asali ba ya da wannan nauyi, wannan ai turmi ne." Ya juya shi ya nuna mini baya. "Ka gani, ba lamba, ba hatimi. Ga tsaga kuma ta fara tafiya. Rami ɗaya a kan gudu, ya dare. Wa ke tuƙa ta?"

Na ce, "Yaron da na raina."

Da Fawaz ya tashi na tare shi a bakin gareji na gaya masa. Bai tambaye ni wace ƙafa ba. Ko motar bai duba ba.

"Halas, shi ke nan, ya Nomau," ya ce. "Ba ruwanka. Ka yi wankinka kawai."

A nan na gane shi ya sayar da na asalin ya rufe da waɗannan. Ga shi kuwa na san ranar Alhamis zai hau hanyar dutsen Ɗa'if da abokansa, kuma na san tuƙinsa. Na roƙe shi, har na kama hannun rigarsa. Ya zare ya shige gida.

Ranar Laraba bayan la'asar na sami Ammi Turki a falo na faɗa masa ƙafafun jabu ne, ɗaya ma ta tsage. Sunan wanda ya canza ne na kasa furtawa.

Ya kira Fawaz. "Kai ka taɓa ƙafafun motar nan?"

Fawaz ya ɗaga kafaɗa. Ya latsa wayarsa, mai nuna duk inda motar ta je, ya miƙa wa uban.

Ammi Turki ya ɗago. "Jiya da safe motar ta je Bani Malik. Wurin wa, ya Nomau?"

"Wurin ɗan garinmu, mai gyaran taya," na ce. Tun kafin in rufe baki na ji yadda maganar ta fito, kamar ni na kai aka canza su.

Na dubi Fawaz. Idonsa na kan kafet. Na jira, wallahi na jira, ina cewa yanzu zai ɗago. To me zan kawo shaida? Yatsuna? Wa zai ɗauki maganar yatsun direba ya bar ɗan cikinsa? Ban ji haushi ba a lokacin, kunya ce ta rufe ni, kamar da gaske ni na yi satar.

"Ba zan kira 'yan sanda ba, saboda zaman tare," in ji Ammi Turki. "Amma iƙamarka, takardar zamanka, ta ƙare a gidan nan. Za ka koma Nijar." Ya miƙo hannu, na ajiye masa makullan.

Ɗa'if dai ba a je ba. Uban ya sa aka ɗauki motar a kan babbar mota zuwa wurin gyara, ta yi kwana shida kafin ta dawo.

Ranar tafiyata na fito da jakata da hantsi. Hassane na jirana a waje yana danna oda. Motar na bakin gareji, wani ya wanke ta, ya bar sabulu ya bushe a jikin ƙofa. Fawaz bai fito ba. Na ga labulen ɗakinsa ya motsa, ko kuwa iska ce.

Na ajiye jakar, na durƙusa wajen ƙafar gaba ta hagu, na zura hannu. Rubutun na nan, lambobin na nan, babu tsaga, an sa na asali. Na zagaya sauran ukun ma ɗaya bayan ɗaya. Sannan na goge hannuna a riga, na ɗauki jakata.