Baƙin Zare a Wuyan Gora

Uwata, Maame Dufie, ta tsufa tana sayar da zobo a unguwar Asafo ta garin Kumasi, kuma ba ta taɓa sayen sabuwar gora ba, ba ta taɓa ƙulla zobonta a leda ba. Gorunan ruwa da na lemo da mutane suka sha suka yar take tattarowa, ta ɓare takardar jikinsu, ta wanke da sabulu da ruwan sanyi, ta kife su a rana, sannan ta ɗaura wa kowacce baƙin zaren kitso a wuya. Duk wanda ya ga zaren nan ya san gorar aro ce. Ka sha yau, gobe in ta zagayo ka miƙa mata kayanta.

A cikin masu sayenta akwai Agya Twumasi, tsohon kafinta mai yin akwatin gawa a bayan tasha. Shi wannan bai taɓa mayar da gora bakinsa alaikum ba. Kullum sai ya ɓata fuska ya ce, "Gobe a ƙara citta." Ita kuma ta ce, "In ka ƙara kuɗi." Shi bai ƙara kuɗin ba, ita ba ta ƙara cittar ba, haka suka yi ta yi tun ina goye a bayanta.

Wata Talata ta gama zagayenta, ta dawo gida ta sauke daro, ta ce kanta yana juyawa. Kafin a samo mota ta cika. Aka kai ta ɗakin sanyin ajiye gawa na asibiti, dangi suka zauna suka sa jana'iza Asabar ta ƙarshen wata mai zuwa.

A wajen zaman nan ne na ce duk wanda ya zo jana'izar Maame sai ya sha zobo, irin nata, a gora irin tata. Kawuna Agyekum, wanda shi ne babba a danginmu, ya dube ni ta saman tabarau ya ce lemon kwalba za a raba kamar yadda ake yi a gidan mutunci, zobo abin shan 'yan tasha ne. Na ce masa 'yan tashar nan su suka ciyar da gidan da yake zaune a ciki yanzu. Ya ce to, in na dage, nauyin a kaina yake, kada in zo wa dangi da maganar sayen gora ko guda ɗaya. Na ce ban roƙa ba.

Da a shekarun baya ne, ai wannan ba magana ba ce. Gora a Kumasi har ƙafa take harɗewa. Ranar Lahadi da sassafe ka je filin da aka yi makoki jiya, ka share wa masu gida wuri, ka dawo da buhu uku. Amma abin ya canza, kuma a bakin mijina na fara jin dalili.

Kwarteng, mijin nawa, a da kwandastan mota ne. Rana ɗaya sai ga shi da aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwatin kaya a baya, yana washe baki. Ya ce, "Afra, Turawa sun yi doka a ƙasashensu. Duk mai yin gorar lemo sai ya gauraya tsohuwar roba a cikin sabuwa, in ba haka ba kayansa ba su shiga kanti. Yanzu masu niƙa roba a garin Tema neman gora suke ido rufe." Na ce su Turawan ba su da shara a garinsu ne? Ya ce tasu ba ta ishe su ba. Na yi dariya a lokacin. Da na san inda abin zai kai ni da ban yi ba.

Kafin damina ta fita, kowane majiyin ƙarfi a gari ya zama ɗan gora, mai tsinta ya sayar. Ba su jiran Lahadi. Tun ana zaune a ƙarƙashin rumfa, mai mamaci bai gama share hawaye ba, za ka ga hannu ya shigo ta ƙarƙashin kujerarka. Abin da ya fi ƙona mini rai, da sun ɗauka sai su sa ƙafa su take ta, ɓaras, don a kan sikeli ake saye, kuma takakkiya ta fi shiga buhu. Gorar da aka taka ba ta da sauran amfani a wurina. Ni da Kwarteng mun yi faɗa a kan wannan har maƙwabta suka gaji da rabo.

Duk da haka na tara. Na bi gidajen cin abinci, na bi matan coci, na tsaya a bakin motocin Accra ina karɓa daga hannun fasinja kafin su yar. Sannu a hankali na cika manyan buhuna, na ɓare takardu har farcena ya tsage, na wanke tas, na shanya, na jingine su a bayan ɗakin girki. Saura mako biyu jana'iza, ɗaurin zare kawai ya rage.

Ni a gidan uwata nake zaune, shi Kwarteng a gidan danginsa a Bantama, da yamma in na yi tuwo in kai masa. Ran nan na tafi wajen masu ɗinkin baƙin zanen makoki, shi kuma ya biyo ta gidanmu. Ya leƙa baya ya ga buhuna cike da fararen goruna, babu takarda, babu datti, daidai yadda mutanen Tema suke so har suna ƙara farashi. Bawan Allah sai ya ɗauka sulhu na nema, na tara masa ne don in ba shi haƙuri. Ya zazzage su a ƙasa ya bi su da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya loda, ya kai sikeli.

Na dawo na tarar da shi zaune a ƙofar gida da sabon ɗankwali a leda, ya saya mini na godiya. Ya ce ashe dai ina ƙaunarsa. Na wuce shi na leƙa bayan ɗakin girki, babu komai sai murafe warwatse a ƙasa. Ban yi ihu ba. Na zauna a kan turmi, na yi kukan da ban yi ba ranar da Maame ta rasu. Shi kuwa da ya gane abin da ya aikata, sai ya sulale riƙe da ledar ɗankwalinsa.

Da yamma na wanke kwanonsa na tuwo, na samo takakkiyar gora guda da ta faɗi a lungu, na sa a ciki, na rufe, na ɗaure da ƙyalle mai kyau, na ɗora a ka har Bantama. Na ajiye a gabansa, ga 'yan'uwansa mata zaune, na gaishe su da ladabi na juyo. An ce da ya buɗe babbar yayarsa ta yi dariya har ta ƙware.

Washegari ƙanwata Pokuaa ta ce in haƙura in ƙulla a leda, wa zai sani? Na ce ni zan sani. Na leƙa kasuwar Kejetia na tambayi farashin sababbin goruna, mai shago ya faɗa, na ce Allah ya ba da kasuwa. Na ɗauki buhu na koma titi, amma kowace kwata na je sai in tarar an riga ni. Makanikai a Suame suka ji tausayina suka kwaso mini nasu, na shinshina ɗaya bayan ɗaya, wannan baƙin mai, wannan kananzir, wannan fetur. Ko ɗaya ba ta shiga buhuna ba. Rana ta faɗi ina da abin da bai rufe gindin buhu ba.

A hanyar dawowa na bi ta bayan tasha don in ga inda aka kwana a aikin akwatin Maame. Agya Twumasi ya ajiye abin goge katako, ya shiga ciki, ya fito riƙe da gora. Ta sha wanki har ta yi dishi-dishi, ga baƙin zare a wuyanta. Ya ce, "Ta ranar Talata ce. Na ajiye mata, ba ta zo ba."

Na karɓa. A nan tsaye na tuna cewa Maame ta gama zagayenta kaf a ranar, ta raba daro guda cur, kuma ba ta koma karɓa ba. Ashe gorunanta suna nan a hannun mutane.

Da gari ya waye na bi hanyarta, shago shago, yadda take bi. Mai aski ya ciro tasa daga bayan madubi. Matar da ke gasa ayaba ta ce 'yan gora sun tambaye ta sau ba adadi, ta ce wannan mai zare ce, ba a taɓa ta. Wani direba ya zaro tasa daga ƙarƙashin kujerar mota. Da suka ji abin da nake nema da dalili, sai kowa ya fara ɓoye mini duk gorar da ya sha. In 'yan gora sun zo a ce babu. Buhu ya fara nauyi, amma na yi lissafin mutanen da za su cika filin nan na ga da sauran tafiya.

Ranar Laraba ta makon jana'iza ina tsugune ina wanki na ji ƙarar aboboya da ihun yara a bayanta. Kwarteng ne, ya ɗaure buhuna sama da sama har sun fi rufin kicin tsawo, iska tana kaɗa su. Ko ɗaya ba a taka ba. Ashe kwana da kwanaki yana bin abokan sana'arsa yana saye a hannunsu kafin su sa ƙafa, suna yi masa tsiya wai ya koma dakon iska, mace ta juya masa kai. Ya sauke su a gabana. Na tura masa soso da ƙafa.

Ya zauna wanki, don ya burge ni ya ɗebo tafasasshen ruwa ya zuba a gora ta farko, ta ƙanƙance a hannunsa ta koma kamar busasshiyar kuɓewa. Pokuaa ta ce a kore shi tun bai ƙarar da su ba. Na ce a bar shi, ya ci bashin wanki. Muka wanke, muka shanya, muka ɗaura zare har yatsunmu suka kumbura. Ranar Juma'a na dafa zobo a tukwane manya da ɓawon abarba da kanumfari da citta, daidai awon Maame, ban ƙara ban rage ba.

Asabar aka binne ta da safe, da rana aka zauna a fili. Rumfuna ja da baƙi, ganguna, mai sanarwa yana ta kiran sunayen masu ba da gudummawa. Lemon kwalba na kawu Agyekum yana gefe a cikin ƙanƙara. Muka shiga tsakanin kujeru da daruka a ka, ni da Pokuaa da matan coci, muna miƙa wa kowa gora mai sanyi. Har kawu na miƙa wa. Ya juya ta ya dubi zaren, ya buɗe ya sha, bai dube ni ba.

'Yan gora kuwa sun zo, sun jeru a bakin fili da buhunansu suna jira. Na gan su, na ce a raina ba komai, abin da na yi alkawari na cika, in sun taka bayan an sha su da Allah. Amma gaskiya zuciyata tana kan tsofaffin nan na Maame, da na gauraya su da sauran. Ban so in ji ƙarar su a ƙarƙashin ƙafar kowa ba.

Na koma wurin zamana na ajiye daro babu komai a gabana, ina gaisawa da masu ta'aziyya. Can sai matar nan mai gasa ayaba ta taso, ta sa gorarta a daron, ta koma. Mai aski ya biyo ta. Daga nan sai layi ya miƙe, har da baƙin da suka zo daga ƙauye waɗanda ba su taɓa ganin Maame da daro ba, sun ga abin da ake yi sun bi. Daro ya cika, Kwarteng ya kawo wani da gudu ya durƙusa yana jerawa a tsaye, yana kare su da hannu kada wani ya taka bisa kuskure. Na duba ƙarƙashin kujeru, babu ko ɗaya. 'Yan gora suka naɗe buhunansu suka nufi wani makokin.

Agya Twumasi ne ya zo a ƙarshe, yana jan ƙafa, baƙin zanensa yana zamewa daga kafaɗa. Bai sa tasa a daro ba, a hannuna ya sa. Ya ɓata fuska, ya ce, "Gobe a ƙara citta."

Na ce, "In ka ƙara kuɗi."

Ya gyaɗa kai ya tafi. Na ce wa Kwarteng ya ɗauki darukan ya kai gida ya jiƙa gorunan a ruwan sanyi, don ranar Litinin da safe zan fita zagaye.