Ƙusoshi Uku a Hannun Baba

Hotuna bakwai ne, marasa kala, gefensu ya yi ja don tsufa. Hedimasta ya jera su a kan teburin mai hoto, zuciyarsa ba a kwance ba. Shekara biyar ke nan da ya ajiye aikin makaranta, amma sunan ya liƙe masa. Ƙanwarsa ce ta aiko shi da takarda: a zaɓi ɗaya cikin hotunan marigayi mahaifinsu, a faɗaɗa, a rubuta a ƙasa "Matuƙin Jirgin Yaƙi", a rataye a falo domin jikoki.

Tun ranar da ya buɗe gwangwanin da hotunan suke ciki wani abu yake cin ransa. Ga jirgin nan a kowane hoto, gajere, da baki buɗe a hanci kamar na kifi, irin na farko-farkon da aka ƙera ba farfela. Ga Baba kusa da taya, ga shi a jikin tsani, ga shi ƙarƙashin fiffike. Amma ko sau ɗaya ba ya cikin kujerar matuƙi. Anya mutumin da ya hana su ƙarya da bulala bai shafa musu tasa ba?

"Wannan ya fi fitowa," in ji mai hoto, ya ɗora yatsa a kan na huɗu. "Sai dai tsummokaran nan da marigayin ya ɗaga sun ɓata shi. Minti biyu na goge su a kwamfuta."

Wani dattijo da ke kan benci yana jiran hoton fasfo ya miƙo wuya.

"Tsummokara? Kai mai hoto, wanke bakinka. Ba ni in gani, shekara ashirin na yi bakanike a sansanin jiragen nan."

Hedimasta ya dube shi a kaikaice. Ya san irin waɗannan tsofaffi, kowannensu ya ci yaƙi a bakin shago. Duk da haka ya miƙa masa.

Dattijon ya kai hoton dab da hancinsa. "Ƙusoshi ne guda uku, kowace da jan ƙyalle. Su ke kulle ƙafafun jirgi kada su naɗe yana ƙasa. In zai tashi, mutumin ƙasa ya zare su, ya tsaya inda matuƙi zai gan shi, ya ɗaga. Sai matuƙi ya ga uku cif zai saki birki. Wanda ya riƙe su, shi ba ya tashi. Wannan namu ne."

"Mahaifina matuƙi ne," Hedimasta ya ce, da muryar da yake tsawata wa ɗalibai a da.

"Allah ya jiƙansa. Ashe yau na taka wutsiya. Shi ya gaya maka?"

"Da bakinsa."

"Ya ce me?"

Hedimasta ya buɗe baki, amma maganar da ya nema ba ita ta zo ba. Abin da ya zo shi ne Baba a tsakar gida, rediyo a warware a kan cinyarsa, yana cewa: "Jirgin nan, ni nake tayar da shi. In ban ɗaga hannu ba, ba inda za shi." Ya laluba shekarun nan kaf, yana neman ranar da kalmar tuƙi ta fito daga bakin Baba. Bai same ta ba.

A nasa bakin ya same ta. Yana aji uku, malami ya tambayi sana'ar iyaye, shi kuwa ya miƙe ya ce ubansa yana tuƙa jirgin yaƙi. Kafin mako ya zagayo maƙwabta sun fara kiran Baba Kyaftin. Ran da Baba ya ji inda sunan ya samo asali, ya daɗe yana kallonsa. Daga nan duk wanda ya kira shi da sunan, sai ya sunkuyar da kai ya shige ɗaki, su kuwa suna cewa tawali'u ne. Ashe ƙaryar ɗansa ya goya har kabari, don kada yara su yi wa ɗan dariya.

"To, ranka ya daɗe," in ji mai hoto, "in goge ko in bari?"

"Bar su. Ka ma ƙara fito da su."

"Rubutun fa?"

Hedimasta ya zaro biro, ya ja layi a kan rubutun ƙanwarsa, ya rubuta a ƙasa: "Mai Tayar da Jirgi". Dattijon ya leƙa, ya gyaɗa kai.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ƙanwar tasa ce.

"Yaya, an gama?"

"Tukuna. Ki jira ni a gida, ki tara yaran. Akwai maganar da zan gyara, kuma laifin ba na Baba ba ne."