Tafin Hannun Zinariya

Wuta ba ta gama cin jinkar gidan Nagoda ba Hajo ta sunkuci 'yarta Zinariya ta yi bayan ɗaki da ita. Ta saman danga tana hango 'yan doka suna jefa tabarmi da tsummokara cikin wutar, matar maƙwabcin nata na birgima a ƙasa. An riga an fita da ɗan matar zuwa bukkokin hayin Kubanni, inda Nasara ke killace masu agana, inda ba kowa ke dawowa ba.

"Rumbu!" in ji surukarta, Inna Atika. "Jefa ta ciki ki rufe. Gidanmu ne na gaba."

Jikin Zinariya zafi rau, ƙuraje sun feso mata ciki da baya. Tun da sassafe Inna Atika ta kwaɓa lalle ta dambara mata a tafin hannu da na ƙafa, ta naɗe da ganye, don ta ji a kasuwar Tudun Wada ana cewa nan ne ma'aikatan likita suke fara dubawa. Maigidan, Kailani, yana can Bukuru wajen haƙar kuza. Babu namijin da zai tsaya a zaure.

"Gafaranku dai, masu gida!"

Malam Barnabas ne, malamin asibiti, ɗan birni da 'yan mishan suka koyar. Ya shigo da akwatinsa na ƙarfe, ya durƙusa ya gai da tsohuwa.

"Inna, ina jikarki?"

"Ta bi ubanta Bukuru."

Daga cikin rumbu aka yi tari.

"Ikon Allah," in ji shi. "Bana har dawa mura take yi."

Da kansa ya ɗaga murfin ya fito da yarinyar. Da idonsa ya faɗa kan hannuwan da aka naɗe, sai fara'arsa ta ɗauke.

"Haba, Inna! Wa ke yi wa mai zazzaɓi ƙunshi in ba mai ɓoye abu ba? Da likita ne ya shigo ya ga wannan, ko tambaya ba zai yi ba."

Daga waje ɗan doka ya ɗaga murya: "Malam, a kawo wutar?"

"Dakata!"

Hajo ta zube ta riƙe ƙafarsa. "Malam, ita kaɗai gare ni. In za a kai ta hayi, a haɗa da ni."

"Tashi ki kawo ruwa, 'yar'uwa. Kuka ba ya wanke lalle." Ya zaunar da yarinyar a kan turmi yana kwance ganyen. "Cuta biyu ce, sunayensu a bakin likita kamar wa da ƙane. Akwai farisila, akwai fariyola. Farisila ita ce ƙarambau, a gida ake jinyarta. Fariyola kuwa ita ce agana."

Inna Atika ta yi tofi ta kawar da kai. "Kada ka kira ta a gidan nan! Mai sunan tana amsawa."

"Ba kira ke kawo ta ba, Inna, mutum ke kawo ta. Ki saurara, Hajo, don idonki ya sani. Ƙarambau ciki da baya take kwana, ƙurjinta kamar raɓa, wani na bushewa wani na fitowa. Waccan kuwa gefe take so: fuska, tafin hannu, tafin ƙafa. Ƙurjinta duk kai ɗaya, mai tauri kamar tsakuwa a ƙarƙashin fata, da ɗan rami a tsakiya."

Ya wanke lallen. Tafin ya fito ja wur, har da baƙi-baƙi, ido ba ya iya rarrabe komai a kai. Barnabas ya yi tsaki. Ya rufe idanunsa, ya soma bin tafin da babban yatsa a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya gama da dama, ya kama hagu. Iska ta kaɗo tokar gidan Nagoda tana sauka a kan ruwan ƙwarya.

A tafin ƙafar hagu yatsan ya tsaya.

Ya danna. Zinariya ta yi ƙara.

"Malam!" in ji ɗan doka. "Likita na jira!"

Barnabas ya ciro allura daga akwati, ya tona wurin, ya ɗaga abin da ya fito sama.

"Ƙaya ce." Ya juya wajen zaure. "Ƙarambau ce! Ku wuce gaba!"

Hajo ta fashe da kuka da dariya lokaci guda. Inna Atika sai hamdala take, tana cewa dama ita ta san jininsu ya fi ƙarfin abin. Barnabas ya rufe akwati.

"Ai ko ta zo ma da sauƙi, tunda an yi wa yaran unguwar nan lamba da damina." Ya ɗaga damtsen yarinyar. Fata sumul, babu tabo. Ya daɗe yana kallo.

"Lemun tsami ko toka?"

Duk unguwar haka aka yi. Mai lamba na juya baya, sai a matse lemu a kan tsagar, don an ce ruwan Nasara yana hana mace haihuwa.

"Ruwan ƙurjin maraƙi ne kawai, Inna, abu mai rai. Shi ke koya wa jiki faɗa tun abokin gaba bai iso ba. Abin da kuke ce wa tsami, likita asid yake ce masa, kuma yana kashe lamba kamar yadda gishiri ke kashe matsattsaku. Yarinyar nan ɗaki ce ba ƙyaure."

"To a sake mata yanzu," in ji Hajo.

"Wanda ke hannunmu zafi ya lalata shi. Sai jirgi ya kawo wani daga Ikko, ita kuma ta warke. Kafin nan, kada baƙo ya raɓe ta."

Da la'asar hayaƙi ya kwanta. Zinariya ta ɗan ji dama, ta fito tana zaune a bakin zaure. Can ƙarshen layi ana jin muryar 'yan doka, ba su bar unguwar ba tukuna.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan Kailani?"

Wani dogon mutum ne da ƙunshin kaya a kafaɗa, ya rufe fuska da rawani har hanci, yana dafe da bango.

"Daga Bukuru nake. Ɗakinmu ɗaya da maigidanki. Ya ce in na sauka jirgi kada in kwana ko'ina sai gidansa." Ya sunkuya ya shafa kan Zinariya. "Wannan ce 'yar tasa? A taimake ni da ruwa, uwargida, zazzaɓi ya sha mini kai a hanya."

Hajo ta ɗebo ruwa ta durƙusa ta miƙa. Ya buɗe hannu biyu zai karɓa. Ga ƙuraje nan jere a tafinsa, duk kai ɗaya, kowane da ɗan raminsa a tsakiya.

Ta dubi jinkar ɗakinta. Ta dubi 'yarta. Sannan ta juya wajen da muryar 'yan doka ke fitowa.