Kulkin Mato

Shekara goma sha tara Mato yana tuƙa tarakta a gonakin dawa na bayan Gadarif a ƙasar Sudan, har kafaɗarsa ta dama ta ƙage. Hannun ba ya wuce saitin ƙirji. Jallabiya ma sai matarsa Hajjo ta zura masa kamar ɗan yaye.

Da aka gama shuka ya je wurin Harisu, wani tsohon soja a unguwarsu da ake kira Shawish, wato saje, wanda ya haura sittin amma yana sosa tsakiyar bayansa da kowane hannu. Harisu ya ɗauko ɗan kulkin ice, ya nuna masa yadda ake kewayawa da shi ta bayan kai a hankali.

"Da wannan za ka fara, safe da yamma."

Mato ya jinjina kulkin ya yi dariya. "Haba Shawish, wannan ai muciya ce. Ni da nake ɗaga tayar tarakta?"

"To, kwayyis, ba laifi," in ji Harisu, ya ci gaba da shan shayinsa.

Mato ya zarce wurin masu walda, aka yanko masa guntun ƙarfen garma, aka liƙa masa dunƙule a kai. Washegari da hantsi ya tuɓe riga a tsakar gida, ya kira maƙwabta biyu, don kada irin wannan jarumta ta wuce ba shaida.

Ƙarfen ya tafi baya lafiya lau. Wajen dawowa ne bai yi shawara da Mato ba. Ya kuɓuce, ya tsallake akuya, ya dira kan randar ruwa. Mato ya zauna daɓas cikin taɓo, riƙe da kafaɗar hagu, wadda har safiyar nan ba ta taɓa yi masa laifi ba.

"Sannu, Baban Saratu," in ji Hajjo. "Yanzu dai sun zama daidai. Da ma bambancin nan ya daɗe yana damuna."

Mako biyu ita ke ba shi tuwo a baki. A na uku ya lallaɓa gidan Harisu da tsakar rana, lokacin da layin ba kowa. Tsohon bai tambaye shi komai ba, ya miƙo masa wani kulkin da bai kai na farko girma ba.

"Wancan na masu ciwon kafaɗa ɗaya ne," ya ce.

Mato ya kai shi gida cikin buhu. Kullum sai ya turo ƙofa, ya yi ta kewayawa yana cije baki. Bayan wata guda hannu ya kai kunne. Kafin a yanke riɗi yana ɗaga duka biyun sama da kai, ya koma bakin aikinsa.

Yanzu a sansanin gona shi ke tara direbobi yana koya musu juya kulki.

"Matsalarku garaje," yake ce musu. "Da ƙarami ake farawa."

Wani ya tambaye shi yadda aka yi ya gano haka.

"Basira ce," in ji Mato. "Allah ke ba mutum."