Jarumin da Ya Cire Takalmi

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma surukina ne ya jawo min shi. Tun da ya zo ganin likita ya sauka a gidana, rimot ɗin talabijin bai bar hannunsa ba. Daga labarai sai wa'azi, daga wa'azi sai labarai. Ni kuwa shirin da nake mutuwar so, Mai Baƙar Malafa, ɗan sandan cikin nan mai tashi sama, jiya aka ƙare shi ban gani ba. Na kwanta da takaici, na rantse gobe sai na faɗa wa tsohon nan gaskiya.

Sai na gan ni a wani gari marar launi, komai baƙi da fari, har manja. Ruwa na tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama. Ina sanye da doguwar kwat da baƙar malafa. Ashe ni ne jarumin. Matsala ɗaya: duk abin da na raya a zuciya, sai wata murya mai kauri ta faɗe shi a lasifika, gari duka ya ji.

A caji ofis, wani bunsuru ne babban jami'i.

"An sace launin gari," ya ce. "Ka kamo ɓarawon kafin kiɗan rufe shiri, ko a cire ka a sa tallan sabulu."

"Akwai shaida, ranka ya daɗe?"

"Da akwai. Na cinye."

A waje na tarar da matata Lantana jingine da fitilar titi cikin hazo, tana tsince shinkafa. Ko kallona ba ta yi ba.

"Maigida, in ka kama shi, ka tambaye shi ko ya sha maganinsa."

Na tashi sama. Idona na ganin abin da ke bayan bango, amma duk gidan da aka rubuta "Ba shiga" sai in runtse, don ni ɗan mutunci ne. Haka na yi ta karo da tankunan ruwan mutane.

A kan rufin wani sito na same shi, fuska a rufe, zaune kan kujerata ta falo. Kusa da shi ga buhu yana yoyon ja da kore. Na dira kamar shaho, na fizge ƙyallen fuskar.

Surukina ne.

Wallahi takalmana da kansu suka fita. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, wata wuta ta fito daga idona ta huda kwanon rufin.

"Barka da hutawa, Baba. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Kama ni ka zo yi?"

"Wa, ni? Allah ya kiyaye! Wucewa nake."

Sai lasifika ta ɗauka: "Tsohon nan ya ishe ni. Wai yaushe zai koma Gumel ne?"

Kunya ta kama ni kamar in nutse, amma ƙasar tana can nesa tana ta tsattsafo da ruwa. Baba ya waiga hagu da dama.

"Wane marar tarbiyya ne wannan?"

"Ban san shi ba, Baba. Zan bincika."

Kiɗan rufe shiri ya fara. Dama ta ƙarshe ke nan. Na tattara ƙarfina duka, na buɗe baki.

"Ɗauko min buhun nan," ya ce.

Na ɗora a ka, na bi shi a baya. Ban yi nisa ba na ga kumfa ta rufe gari, bunsuru na wanka yana murmushi.

Ƙwanƙwasa ƙofa ce ta tashe ni.

"Sallau! Ina abin canja tashar nan?"

Yana ƙarƙashin matashina, inda na ɓoye shi da na yi rantsuwa. Na damƙe shi, na ce yau sai ta Allah, na buɗe ƙofa, na durƙusa, na miƙa da hannu biyu.

"Batirin ya yi sanyi, Baba. Bari in sayo maka sabo."