Muciyar Mma Azara

Hayaƙi ya tashi a rumfar matan Kumbungu, amma kujeru bakwai babu kowa a kansu. Sanatu, magajiyar ƙungiyar masu man kaɗe, ta tsaya kusa da sabon injin suya tana duban hanya. A bakin ƙofa an jingine muciyar Mma Azara, an ɗaura mata goro biyu cikin ganye.

"Wa ya kawo wannan?"

"Surukarta," in ji Fuseina mai kula da wuta. "Ta ce a gaishe ki da aiki."

A garin nan tsohuwa ba ta faɗa da baki. In ta mayar da muciya da goro, sallama ta yi ke nan, kuma matan gidanta duk bayanta za su bi. Su bakwai ne, su ne gwanayen kirɓi. Babu su, ƙungiya ta watse.

Jiya aka yi taro. Sanatu ta ce injin yana da agogo da ƙararrawa, shi zai faɗi lokacin sauke ƙwarar kaɗanya, don haka tsofaffi su huta. Mma Azara, wadda shekara talatin hancinta ne ke cewa a sauke, ta gyaɗa kai har da murmushi.

"Ai ta yarda a taro," in ji Sanatu.

Fuseina ta kwashe da dariya. "Ke 'yar boko, a birnin Tamalen ba su koya miki ba? Kin taɓa jin babba ya ce a'a cikin jama'a? Gida ake zuwa tukuna, a durƙusa."

* * *

Sanatu ta iske Mma Azara a tsakar gida tana tsintar wake. Ta cire takalmi, ta durƙusa, aka yi doguwar gaisuwa har gwiwa ta fara zafi. Ba a ce mata ta tashi ba.

"Yaya mijin naki na ƙarfe? Ya kwana lafiya?" in ji tsohuwa.

"Mma, na yi kuskure."

"Wane kuskure? Hutu kika ba ni. Ga shi ina hutawa, ni da kaji."

Bayani ya cika bakin Sanatu: hayaƙin da ke cinye idanun mata, ƙwarar da ke ƙonewa, masu saye da ke son mai iri ɗaya. Duk gaskiya ne. Ta haɗiye abinta.

Can tsohuwa ta ajiye faifai. "Ni na goya ki a rumfar nan uwarki na kirɓi. Da kin zo kin ce, Mma, ga abin da ke tafe, da ni zan tsaya in gaya wa mata da bakina. Sai na ji shi tare da amaren bara."

"Injin ba zai koma ba, Mma. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ba a sauke ƙwara sai kin ce."

"Tashi, kafin gwiwarki ta yi saiwa a gidana."

* * *

Kashegari kujerun suka cika, waƙar kirɓi ta dawo. Sanatu ta cusa tsumma a bakin ƙararrawar. Ita ke duban agogo a fakaice, in lokaci ya yi ta juyo.

"Mma, ko ya yi?"

Tsohuwa ta ɗaga hanci, ta lumshe ido, ta ja numfashi mai tsawo. "A sauke!"

Man ya fito fari tas. Da Sanatu ta sunkuyo don ta ba ta goro, tsohuwa ta riƙe hannunta, ta rage murya.

"Shekara biyu ke nan ba na jin ƙanshin komai. Ki riƙa duban agogon nan da kyau."

Suka yi dariya su biyu, ba wanda ya san dalili.

A ƙarƙashin bishiyar mangwaro akwai wasu kujeru biyu, na Mma Napari da Mma Sana, babu kowa a kansu. Su ma an ba su hutu a taron nan. Ba su da surukai a ƙungiya, don haka ba wanda ya je gidansu ya durƙusa. Wata kaza ta hau ɗaya daga ciki, ta gyara zama.